Zuwa ga Hadiza, a Kan Gashin Toka

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Hajiya Hadiza, Maman Ummi.

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da ke, tare da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, ina rubuto miki ne daga falonmu na unguwar Morrisania a Bronx, a kan kujerar nan da kika hana ni zama a kanta da kayan aiki. Yau Lahadi, an idar da la'asar. Rigar sanyi biyu ce a jikina da hular ulu, a cikin gidana, kuma dalilin hakan yana cikin abin da zan faɗa miki.

A shafina na intanet zan sa wannan wasiƙa, na kuma san masu karantawa. Akwai tsofaffin ɗalibaina na Kano da har yau suke ce min Malam, akwai mutanen masallacinmu, akwai 'yan'uwanki da suka daɗe suna zargin karatu ya taɓa min kai. To yau ga hujja sun samu. Mutumin da ya koyar da tarihi shekara da shekaru, wanda yanzu yake yi wa likitoci tafinta a asibiti, zai zauna ya ba marigayiyar matarsa labarin gashin ɓera. Su karanta. Kunyar ta riga ta kama ni, kuma na fi so in ji ta a gabanki, don ke kaɗai ce kike min dariya ba tare da na ji ciwo ba.

Kin tuna yadda Toka ta shigo gidan nan. Ummi tana 'yar shekara goma sha uku ta ce kare take so. Na zaunar da ita na yi mata darasin fiƙihu har shayina ya huce. Ta ce to kyanwa, na ce mai gidan haya bai yarda ba, alhali ban tambaye shi ba. Sai wata Asabar kuka fita ku biyu sayen takalmi, kuka dawo da keji. Na leƙa na ga wata aba mai launin toka, kunnuwa fala-fala, jela kamar ta kurege, tana kallona kamar ni ne baƙo a gidan. Na ce ɓera ne. Kika ce, "Ɓera ne mai ilimi, irinka. Cincila ake ce masa."

Ban yarda ba sai da na je laburare. Na dawo na yi muku bayani a kan tuwo: asalinta duwatsun Kudancin Amurka ne, wurin sanyi, gashinta ya cunkushe har ruwa ba ya bushewa a cikinsa, shi ya sa ba ta wanka da ruwa, sai dai ta yi birgima a cikin wani gari mai laushi. Kika ce, "To ka gani, mai taimama ce. Ta fi karen da ka hana." Ummi ta yi dariya har ta ƙware. Ina so ki riƙe wannan a ranki, Hadiza: ni na karanto, ni na yi muku bayani. Babu wani abu da na aikata daga baya da zan ce ban sani ba.

Kin kuma san yadda muke da Ummi. 'Yar fari ce, ga shi sunan mahaifiyata ta ci. Ban taɓa kiran sunanta na yanka ba, ban taɓa zama na ce mata na yi kewarta ba. Mahaifina ma haka ya yi da ni, har ya bar duniya "kai yaro" nake a bakinsa, kuma ban taɓa shakkar ƙaunarsa ba. A gida kowa ya san wannan kunya ce. A Bronx babu wanda ya sani. Har malamar makarantarsu ta taɓa jan ki gefe ta tambaye ki ko lafiya tsakanina da yarinyar, don ranar da aka ba ta kyauta na tsaya can baya ina gyaɗa kai, sauran iyaye suna ta rungume-rungume da hawaye. Ke ce kike fassara ni. "Babanki ya ji daɗi, ba ki ga ya gyara hula ba?" Ni tafinta ne a asibiti, amma a gida ke ce tafintata.

Da kika tafi, sai muka zauna ni da ita kamar fasinjoji biyu a jirgin ƙasa, kowa yana girmama wurin zaman ɗan'uwansa. Muna gaisawa, muna cin abinci, muna wanke kwanuka. Daga nan ta sami jami'a a Buffalo, kuma ɗakin kwanan ɗalibai ba a shiga da dabba. Ranar tafiyarta ta tsaya a gaban kejin ta yi min wasiyya da Turancinta mai sauri: kar in kama Toka da ƙarfi, kar in bar ɗakin ya yi zafi, kar ruwa ya taɓa ta. Na ce na sani. Na ma ɗan ji haushi, wai ni za a koya wa.

Abin da ba ki gani ba shi ne Lahadinmu. Duk Lahadi bayan azahar wayata takan yi ƙara, kiran bidiyo. Ta ce, "Baba, ina wuni," wanda shi ne kusan duk Hausar da take bari ta fito daga bakinta, sannan ta ce, "How is Toka?" Sai in juya wayar ta kalli keji. Daga nan fa hira ta buɗe. Ba da ni take yi ba, da Toka take yi. "Toka, na ci jarrabawar nan da nake tsoro." "Toka, abokiyar ɗakina tana munshari." Ni kuma daga bayan waya in ce, "Toka, ki gaya mata ta riƙa ɗaura abu a wuya, garin nan nasu ba shi da tausayi." Toka tana tsakiya tana cin busasshiyar ciyawarta, ba ta san an naɗa ta a muƙaminki ba. Ta haka na san sunayen ƙawayen Ummi, ta haka na san ta yi mura ta warke. Ki yafe min, amma gaskiya ita ce ɓera ya gaje ki, kuma yana ƙoƙari.

To a farkon kakar bana na lura gashin gefen cikin Toka ya fara zama tsagal-tsagal, kamar an yi mata aski da almakashi marar kaifi. Na tsaya na sa ido, na ga ita da kanta take cizge shi. Na koma ga littattafai da intanet, na yi karatu kamar mai shirin kare digiri. Dalilai da yawa aka lissafa, har da zafi, amma ni idona ya tsaya a kan guda ɗaya: kaɗaici. Na karanta kalmar, na kalli falon, na kalli kujerarki, na ce tabbas wannan ne. Yanzu da nake rubutu na ga wanda na yi wa gwajin cutar. A lokacin dai Toka na rubuta wa magani.

Ban gaya wa Ummi ba. Na ce bari in gyara tukuna, ta ga abin mamaki.

Wata dattijuwa a Jamaica ta Queens, ma'aikaciyar filin jirgi, ta sa sanarwa cewa za ta tashi daga gari, tana neman wanda zai riƙe mata cincilarta. Na je. Ta miƙo min ita a cikin kwali tana share hawaye, ta tambaye ni ko na iya kula da irinsu. Na ce mata na yi shekaru ina yi. Mace ce ita ma, launin toka ita ma, sai dai ta ɗan fi Toka jiki. Na ga wani ɗan farin tabo a kan hancinta, na ɗauka ado ne.

Da na sauko daga jirgin ƙasa, wa zan gani in ba Alhaji Mamman ba, mutumin Maraɗin nan mai teburin huluna da safa a bakin tasha, wanda kike cewa idonsa ya fi na kwastan. Kwalin ya motsa a hannuna. Ya ce, "Malam, mi ke ciki?" Kafin in yi magana ya ɗaga murfin. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Bon. Gafiya ce ta Amirka. Wallahi rabona da gafiya tun gida. In ka yanka ka aiko mini da cinya." Na ce masa ta binciken kimiyya ce na Ummi. Ya ce Allah Ya ba da sa'a, amma da irin muryar da ake yi wa mai tabin hankali addu'a.

Duk abin da na karanta ya ce a ware sabuwa a kejinta daban, a ɗaki daban, na tsawon makonni, sannan a riƙa kusanto da su a hankali. Na karanta, na gane, na kuma yanke hukunci cewa wannan tunanin mutanen da ke sauke baƙonsu a otal ne. Mu baƙo a tabarmarmu yake zama, a kwanonmu yake ci. Mutum nawa suka kwana a falon nan daga filin jirgi, waɗanda ko sunan kakanninsu ba mu sani ba? Ke da kanki kike cewa gidan da baƙo ya ji shi baƙo ne ba gidanki ba ne. Sai na buɗe ƙofar kejin Toka na sa sabuwar, har da cewa, "Toka, ga 'yar'uwa na kawo miki." Na sa mata suna Baƙuwa, na wucin gadi.

Hadiza, ban san dabba mai laushi haka tana da wannan zuciyar ba. Suka tsaya suka shinshini juna kamar masu gaisuwa, har na fara yaba wa kaina, sai kejin ya kaure. Ƙara, tsalle, gashi yana tashi sama kamar an yage matashin kai. Na zura hannu na damƙo Toka ta baya da ƙarfi don in cece ta. Ta sulluɓe ta shige ƙarƙashin kujera, ta bar ni da gashinta cike da tafin hannuna. Babu jini, babu nauyi, kamar na kamo hayaƙi. A bayanta kuwa ga fata tsirara, ja-ja, faɗin bakin kofin shayi. Haka Allah Ya yi su, in shaho ya cafke su sai su sakar masa gashin su tsere. Wannan ma na taɓa karantawa. A ranar dai ni ne shahon.

Na sayo wani keji na raba su, amma aikin ya riga ya wuce. Ba a daɗe ba farin tabon nan na hancin Baƙuwa ya bayyana a hancin Toka, ya bi bayan kunnenta, gashin wurin yana zubewa, fatar tana ɓarewa. Ga cizgar da take yi, ga saiƙon da na yi mata, ga wannan. Amanar Ummi ta koma kamar tsohuwar dardumar masallaci.

Duk Lahadi ina juya kejin ta yadda gefe mai kyau zai kalli waya. Gefen mai kyau kuwa kullum raguwa yake.

A nan ne kika shigo maganar, ba da saninki ba. Ina neman auduga a kabad ɗin banɗaki na ci karo da kwalbar man kaɗanyarki, wadda ƙawarki 'yar Kumasi ta kawo miki. Na buɗe. Sawun yatsunki yana nan a ciki, guda uku, inda kika lakata na ƙarshe. Na daɗe a tsaye. Na tuna yadda kike shafa shi a kan komai: kaushi, ƙuna, gwiwar Ummi, ƙirjina in ina tari. Kina cewa, "In ban da mutuwa da taurin kanka, babu abin da man nan ba ya magani." Sai na ji kamar ke ce kika miƙo min amsa. Na lakata daga gefe, don kar in ɓata sawunki, na shafe Toka da shi a duk inda fata ta fito, da ma inda ba ta fito ba, don rigakafi.

Ita kuwa ta yi abin da ta saba. Ta faɗa cikin kwanon garinta ta yi birgima. Ta fito kamar dunƙulen fura da aka mirgina a gari. Gashin nan da iska ke kaɗawa ya dunƙule ya zama dambu, ta tsaya a tsakiyar keji ta kasa gane jikinta.

Ranar Asabar ce da safe, washegari Ummi za ta kira. Na firgita. Mutumin da ya firgita kuwa abin da ya sani tun yana yaro yake komawa, ba abin da ya karanta ba. Datti ruwa ne maganinsa. Na tara ruwan ɗumi a roba na wanke ta da sabulu.

Ba zan tsawaita miki ba. Ashe duk girman nan nata gashi ne. Da ta jiƙe sai ga wata 'yar halitta da ba ta cika tafin hannu ba, tana karkarwa, idanunta sun yi mata yawa. Na naɗe ta da tawul, na ɗauko dirayar gashinki na sa a iska mai sanyi, na zauna a ƙasan banɗaki har azahar ina busar da ita ina salati. Ta rayu, da ikon Allah ba da dabarata ba. Amma babu sauran gefen da za a nuna wa waya.

Duk abin da na faɗa zuwa nan wauta ce, ita kuwa wauta ana iya yi mata dariya. Abin da ya biyo baya shi ne ya sa nake sunkuyar da kai ko ni kaɗai ne a ɗaki. Ranar Lahadi na kai Toka ɗakin kwananmu na rufe ƙofa. Na sa Baƙuwa a kejin Toka, na kashe fitila, na saki labule. Ummi ta kira, ta gaishe ni, ta tambayi Toka, na juya wayar daga nesa. Ta ce duhu, na ce ana hadari. Ta yarda da ni, don ban taɓa yi mata ƙarya ba sai ta kyanwa. Ta yi 'yan labaranta, sannan muryarta ta yi ƙasa ta ce, "Toka, jiya na yi mafarkin Mama. Tana yi min kitso." Na ji tana jan hanci.

Hadiza, maganarki ce. Ita ce magana mafi nauyi da ta taɓa aiko min tun rasuwarki, kuma na bar ta ta faɗa wa dabbar da ba ta taɓa ganinki ba. Wadda kika ɗauko da hannunki tana bayan ƙofa, tana warin sabulu. Na kasa ce wa Toka ta gaya mata komai. Na riƙe waya kawai har ta yi min sallama.

Da ina da hankali da na tsaya a nan. Lahadin da ta biyo baya na sake. Wannan karon Ummi ta yi ɗan sautin nan da take yi da harshe, wanda Toka ke jin sa ta taho bakin keji da gudu. Baƙuwa ko kunne ba ta ɗaga ba. Ta sake yi. Sannan ta ce in kunna fitila. Na kunna. Ta kalla, ta kalla, sai ta ce da Hausa, tiryan-tiryan babu gargada, "Baba, wannan ba Toka ba ce. Ina Toka?" Shekara nawa muna roƙonta ta yi mana Hausa, ashe jira take in ba ta dalili.

Na shiga ɗaki na nuna mata. Na yi bayani, daga Queens har sabulu. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta ce wata ƙawarta tana da gida a wajen makaranta, za ta zo hutun nan na Amurkawa na ƙarshen kaka, na cin talo-talo, ta ɗauke Toka. Ta kashe waya. Lahadin gaba wayar ba ta yi ƙara ba, haka ma ta gaba da ita.

Na kai su biyun wurin likitar dabbobi, abin da ya kamata in yi tun farko. Na zauna a ɗakin jira da jallabiyata tsakanin wata mai aku da wani mai zomo. Ban san a irin wuraren nan sunan mai dabba ake laƙa wa dabbar ba. Sai na ji an ɗaga murya, "Toka Garba?" Sunan mahaifina, Malam Garba, Hadiza. Mutumin da ya yi shekara talatin yana limanci, wanda ko almajiransa ba sa iya kallon idonsa. Na miƙe na amsa. Ban gama zama ba aka ce, "Baƙuwa Garba?" Na sake miƙewa.

Likitar ta shinshini Toka ta tambaye ni me na shafa mata. Na faɗa. Ta ce ita ma da shi take gyaran gashinta, amma ita ba ta birgima a gari. Ta ce tabon makero ne, Baƙuwa ce ta zo da shi, ta ba ni magani. Ta ce gashin da ya fita zai dawo, sai dai a hankali. Sannan ta tambaye ni yaya zafin gidana yake. Kin san amsar. Kin san yadda nake buɗe hita har tagogi su yi gumi, kina cewa na mayar da Bronx Sakkwato. Ta ce ba za ta rantse ba, amma mai yiwuwa tun farko zafi ne ya dami Toka har take cizgar kanta, ba rashin 'yar'uwa ba. Shi ya sa yau nake zaune da rigar sanyi biyu, hita a rufe, taga a buɗe. Abin da kika yi shekaru kina roƙona ban yi ba, na yi wa ɓera a yini ɗaya.

Makeron bai tsaya a kansu ba. Ya fito min a wuyan hannu, zagayayye tsaf kamar an buga hatimi. Ina alwala a masallaci ranar Juma'a Alhaji Mamman ya kama hannuna ya ɗaga wa jama'a. "Makero, Malam? Da furfurarka? Ko gafiyar ce ta rama?" Aka yi dariya, ni ma na yi. Wannan kunyar mai sauƙi ce, har daɗinta na ji, don ta ɗan rufe waccan.

Ranakun Lahadin da ba ta kira ba, na zauna da waya a hannu. Za ki ce me ya hana ni kira. Na tambayi kaina. A yadda aka rene ni ƙarami ne ke neman babba da gaisuwa, kuma ko na kira ban san da wa zan yi magana ba, tunda mai isar da saƙon ce na yi wa illa. Sai na riƙa aika mata hoton bayan Toka, inda gashi ya fara tsirowa kamar sabuwar shuka, ba tare da na rubuta komai ba. Ita kuma ta aiko da hoton babban yatsa. Ba ki san yadda dattijo zai iya zama yana nazarin hoton yatsa ba, yana neman ko akwai fushi a cikinsa.

Ta zo hutun. Ta rame kaɗan, ta ƙara kama da ke ta wajen goshi. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar yadda kika koya mata, ta wuce wurin keji. Ta yi sautin nan, Toka ta taho da gudu ta haye kafaɗarta, da saiƙonta da komai. Na shiga kicin na yi ta wanke kofin da yake a wanke.

Da na fito na tarar ta ɗauki kwalbar man daga kan tebur ta buɗe tana shinshinawa. Ta ce, "Wannan ka shafa mata?" Na ce shi ne. Ta ɗan yi murmushi ta ce ke ma da haka za ki yi. Har na fara samun sauƙi, sai ta ƙara da cewa amma ke da kin fara gaya mata.

Kwanakin da ta yi muna gaisawa, muna cin abinci, muna wanke kwanuka. Ina ta shirya jawabi a raina, mai gabatarwa da hujjoji da kammalawa, na roƙon ta bar min Toka. Ranar tafiya ta sa ta a ɗan kejin tafiya, ta haɗa maganinta da ciyawarta. Duk jawabin nan abin da ya fito daga bakina shi ne, "Buffalo akwai sanyi, za ta ji daɗi." A bakin ƙofa ta waiwaya ta kalli ɗaya kejin ta tambayi sunanta. Na ce Baƙuwa. Ta ce, "Har yanzu?" Ta sauka. Na tsaya a taga har motar ƙawarta ta sha kwana.

Na ɗauka shi ke nan. Toka tana wurinta, babu abin da za ta tambaya. Za mu koma gaisuwar Sallah, kamar yadda na ga ya faru da mutane da yawa a garin nan da 'ya'yansu, ba faɗa, ba gaba, sai dai nisa. Kuma ba ni da wanda zan ɗora wa laifi, ko Baƙuwa, wadda ba ta roƙe ni in je Queens ba.

Yau bayan azahar ina zaune ina ba ta ciyawa, sai waya ta yi ƙara.

"Baba, ina wuni." Na ce lafiya lau. Toka tana kan kafaɗarta tana cin gefen mayafinta, bayanta ya fara rufewa. Ta kalli gefe, ni ma na kalli gefe. Ban taɓa lura ba sai yau, Hadiza, yarinyar nan da muke cewa ta zama Ba'amurkiya, kunyar nan tawa ce a fuskarta, har yadda take sosa gira. Shirun ya yi tsawo har na fara tunanin layin ne ya tsinke. Sai ta ce, "How is Baƙuwa?"

Na juya wayar da sauri har ta kusa faɗuwa.

Ta ce, "Baƙuwa, ki gaya masa ya riƙa shafa maganin a hannunsa, na ga bai warke ba." Na ce, "Baƙuwa, ki ce mata ana shafawa." Baƙuwa tana ta taunar ciyawa, sabuwar ma'aikaciya, ba ta san kan aiki ba tukuna. Na ga in ban faɗa yanzu ba, ba zan faɗa ba har abada. Na ce, "Baƙuwa, ki gaya mata abin da na yi bai kyautu ba, kuma na ji kunya." Wayar tana kallon keji, don haka ban ga fuskarta ba, ita ma ba ta ga tawa ba, kuma na gode wa Allah da hakan. Can na ji ta ce, "Ki ce masa na sani." "Ki ce masa sai Lahadi."

Labarin ke nan, Maman Ummi. Ki yi dariyarki, na ba ki izini, na san ma ba ki jira izinin ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya yalwata makwancinki Ya cika shi da haske. Allah Ya saka miki da Aljanna a kan haƙurin da kika yi da mutumin da ya san komai a takarda. Allah Ya raya mana Ummi, Ya tsare ta a garin da ba ta da kowa, Ya ba ta abokan zama na gari. Ya yafe min abin da na yi wa baiwarSa marar baki da aka ba ni amana, Ya ba ni ikon riƙe wadda ta rage a hannuna. In lokacina ya yi, Allah Ya sada ni da ke cikin rahamarSa. Amin.

Naki har kullum,
Sani, Baban Ummi
Morrisania, Bronx